Wai dole ne amfilifaya da lasifika su zama na kamfani ɗaya?

Abu Hafsat, Jidda:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an yini lafiya. Dan Allah masu sanin kayan sauti ku taimaka min da shawara don kaina ya ɗaure. Wani abokin aikina ne ya yi huruj ya koma gida gaba ɗaya, da zai tafi sai ya bar min amfilifaya ɗinsa Yamaha, irin baƙin nan mai nauyi kamar bulo, na jona ya kawo wuta lafiya lau, amma lasifikun ya riga ya sayar da su. Ni kuma dama ina da tsohuwar dek ɗin kaset Technics da na gada wajen mahaifinmu Allah ya jiƙansa, da kwali guda na kaset-kaset ɗin tafsiri da karatu da ban so su lalace a ajiye.

To na shiga wani shago zan sayi lasifika kawai, sai mai shagon ya ce wai in dai ba kamfani ɗaya ba ne kayan ba za su jitu ba, ƙarshenta amfilifayan ya ƙone min, gara in ajiye wancan in ɗauki seti guda a kwali ɗaya, ya nuna min wani an rubuta 3000W ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ranar Juma'a bayan la'asar kuma na leƙa harajin Sawarik, wato kasuwar gwanjo ta nan Jidda, na ga lasifikun JBL guda biyu dogaye na hannu, da wasu ƙanana da ban ma san sunan kamfanin ba amma sun fi araha nesa ba kusa ba. Abin da na ware riyal 1500 ne ba ƙari. Majalisin nawa mita 4 ne da 5, karatu nake saurara da tafsiri, sai ƙwallo a talabijin, wani lokacin kuma waƙoƙinmu na gargajiya in uwargida ba ta kusa. Shin maganar mai shagon nan gaskiya ce ko dai kasuwarsa yake ci da ni?

Dan Kano a Batha:

wslm yaya ni dai a ganina kabar wahalar da kanka, wa yake ta wannan tarkacen yanzu, kaje kadauki soundbar guda daya mai bulutut kahada da waya shikenan, ko kuma kasayi setin nan da mutumin ya nuna maka tunda komai yana ciki kuma akwai garanti, kayan haraj in ka fita dashi ka fita kenan ba a dawowa dashi. kuma 3000W ai ba wasa bane wlh sai makota sun kira maka yan sanda 😂

Baba Mai Gyara, Makka:

Wa alaikumus salam. Abu Hafsat ɗana, kada ka ajiye wannan amfilifayan, da tsohuwar zuma ake magani. Na fi shekara talatin ina buɗe cikin kayan nan a wajen Shara Mansur, ban taɓa ganin amfilifayan da ya karanta sunan da ke jikin lasifika kafin ya tura mata sauti ba. Wuta ce ke bi ta waya biyu, ja da baƙa, iyakarta kenan. Mai shagon nan dai yana son kwalinsa ya fita ne, Allah ya ba shi ciniki.

Amma fa akwai ɗan ƙwayar gaskiya a bakinsa, sai dai ya ajiye ta ba a muhallinta ba. Abin da ke ƙona amfilifaya shi ne om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta, wato alamar nan mai kama da kofaton doki da ake rubutawa a baya. Ka juya naka ka duba kusa da inda ake ɗaura wayar lasifika, za ka ga an rubuta mafi ƙarancin om da yake ɗauka, yawanci 8 ko 6, wasu masu ƙarfi har 4. Ita ma lasifikar tana da nata a baya. In lambar lasifika ta yi daidai da ta amfilifaya ko ta fi ta, ba komai. In ta gaza ta, to lasifikar za ta riƙa zuƙar wuta fiye da yadda aka gina shi ya bayar, ya yi ta zafi, in mai hankali ne ya kashe kansa da kansa, in ba haka ba sai ka ji ƙauri. Kuma ka lura da wani abu da ke cin mutane, lasifika biyu masu om 8 in ka haɗa su a baki ɗaya sun koma om 4, haka ma in ka danna maɓallan lasifika na A da B tare a yawancin amfilifayoyi. Rabin waɗanda ake kawo min a ƙone ta nan aka kashe su, mutum ya jera lasifika huɗu ko shida ranar walima yana neman ƙara, kuma da yawansu kamfani ɗaya ne da lasifikun, sunan bai cece su ba.

Inda maganar kamfani ɗaya take da tushe shi ne waɗannan setin na kwali ɗaya. Su an yi su ne su rayu tare su mutu tare, lasifikunsu sau da yawa om 3 ne, da wani irin kan waya na roba mai launi wanda ba ya shiga ko'ina sai gidansa, wufan ma, wato mai fitar da bes, ba ta da nata injin. In uwar ta mutu, 'ya'yan sun zama marayu, ba ka isa ka ɗaura su a wani amfilifaya hankali kwance ba. Shi ya sa za ka gan su jibge a haraj ba mai tayawa.

Kai kuma Ɗan Kano, ƙanena, wancan 3000W da ya tsole maka ido PMPO ne, lambar talla ce kawai. Ka juya bayan setin ka ga wutar da yake ja daga bango, za ka tarar ba ta kai ko kusa ba, to ta ina zai fitar da abin da bai sha ba? Lambar da ake dubawa ita ce RMS, wato wat ɗin da inji ke iya bayarwa a ɗore. A ɗaki mita 4 da 5, wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowane ɓangare ya isa ya hana ka jin sallamar baƙo.

Abu Hafsat, Jidda:

Baba Allah ya ƙara girma, wallahi kamar ka sauke min dutse. Na juya na duba yanzun nan da tocilan ɗin waya, an rubuta 8Ω MIN sannan a gefe 220V 50/60Hz. Na kira mai kayan harajin ma, ya ce dogayen om 8 ne an rubuta 150W, ƙananan kuma om 4 ne. To ga wata tambayar Baba, nawa amfilifayan na duba lambarsa a intanet wat 60 ne kowane ɓangare, ba zai yi wa masu 150 ɗin kaɗan ba? kar in saya ya kasa ɗaga su.

Baba Mai Gyara, Makka:

Ƙananan dai ka manta da su, om 4 a kan inji mai neman 8 ga zafin Jidda, ba na ba ka shawara ko kyauta aka ba ka.

Su kuma dogayen, 150 ɗin nan ba abincin da suke buƙata ba ne, iyakar abin da za su iya jurewa ne. Abin da ke nuna ko lasifika mai saurin tashi ce wata lamba ce daban da ake rubutawa da dB, za ka ga kamar 86 ko 88 ko 90. Duk bambancin 3 a wannan lambar daidai yake da ninka wat sau biyu, ma'ana mai 90 da wat 30 za ta yi ƙarar da mai 87 sai da wat 60 za ta yi. Kuma kunnen mutum ba ya jin ƙara ta ninku sai wat ya ninku kusan sau goma, shi ya sa nake dariya in na ga ana ƙara kuɗi masu yawa don a tashi daga 60 zuwa 80. Manyan akwatuna ma galibi sun fi ƙanana sauƙin tashi, mutane ne ke ɗauka akasin haka.

Haɗarin ƙaramin amfilifaya guda ɗaya ne, in ka murɗa shi har ƙarshe sautin zai fara karcewa, kuma wannan karcewar ita ke ƙona twita, ƙaramar ta sama. Da ka ji murya ta fara tsatsa ka rage, ko da kuwa maɓallin bai kai rabi ba.

In ka koma harajin ga abin da za ka yi, kuma kada kunya ta hana ka. Cire ragar gaba ka duba zoben da ya zagaye wufa, babban faifan nan, in na soso ne ka shafa da yatsa a hankali, danshin Jidda yana cinye shi ya koma kamar garin biskit. Ana sake shi, amma sai a rage maka kuɗi. Sa yatsu ka danna tsakiyar faifan a hankali daidai wa daida, in ka ji yana gogar wani abu a ciki to an taɓa gasa ta, bar musu kayansu. Ka tafi da batir ɗan wat ɗaya da rabi, afuwan, volt ɗaya da rabi nake nufi, tsufa ne, ka taɓa shi a wayoyin za ka ji ɗan ƙwas kuma ka ga faifan ya motsa. In kana da mitar auna wuta ka auna, mai om 8 za ta nuna wajen 5 zuwa 7, haka yake ba matsala ba ce. Sannan a kunna maka, ka kafa kunne a kan twitar kowacce ɗaya bayan ɗaya, don da yawa ana sayar da su twita ɗaya a mace kuma a hayaniyar kasuwa ba za ka gane ba. Hagu da dama kam dole su zama tagwaye, kamfani ɗaya lamba ɗaya, nan ba sassauci.

Wad Mai Wurno, Riyad:

Salamu alaikum. Baba ya gama magana a kan om, ni ba abin da zan ƙara sai dai in ce a yi hattara da wutar bango, don ni nan ta cije ni. Shekarun baya na sayi wani amfilifaya a harajin Bin Gasim, mai kyau kamar a lashe, na zo gida na cusa a soket ban duba baya ba, ashe ɗan 100V ne irin wanda ake yi don kasuwar Japan. Ƙara ɗaya ya yi sai hayaƙi. Laifina ne ba na kowa ba, an rubuta ƙuru-ƙuru ban karanta ba. Kuma kun san tsofaffin gidajen nan har yanzu wasu akwai soket ɗin 110 da na 220 a ɗaki ɗaya, to mai haɗa kaya daga wurare daban-daban shi ya fi shiga wannan tarkon, wannan na Amurka ne 120, wancan na Turai 230, wani kuma yana da ɗan maɓallin canja wuta a baya wanda mai shi na farko ya bari a inda ya ga dama. Kowane ɗaya a duba shi shi kaɗai kafin a jona, har dek ɗin mahaifinka ya Abu Hafsat.

Sai batun wanda ke da niyyar wata rana ya kai kayan gida. Bugun wutar bango a Saudiyya 60Hz ne, Sudan da Najeriya da Nijar 50Hz. Naka tunda an rubuta 50/60 ba ruwansa. Amma masu sha'awar garmaho su sani, akwai waɗanda motarsu ke bin bugun wutar bango, in ɗan 50 ne ka kunna shi a nan faifan da ya kamata ya juya 33 sai ya yi 40, ka ji dattijo yana waƙa da muryar yaro, in kuma ɗan 60 ne ka kai shi Sinnar ta Sudan sai ya riƙa jan ƙafa. Irin su Technics SL-1200 masu kwatz, da ke daidaita gudun motarsu da kansu, wannan bai shafe su ba.

Amma Baba ka yi min afuwa, a wuri ɗaya ban bi ka duka ba. Kamfani ɗaya yana da daɗinsa. Ni yanzu amfilifaya da na'urar CD duk Onkyo ne, akwai wata siririyar waya da suke kira RI da ke haɗa su ta baya, rimot ɗaya ke tuƙa su, in na danna CD amfilifayan ya tashi da kansa ya koma layinsa. Pioneer ma suna da irin tasu, Sony ma haka, kuma ta wannan ba ta magana da ta wancan. Ga kuma faɗinsu ɗaya launinsu ɗaya, in ka jera su a kanta abin sha'awa. Lasifikuna dai Wharfedale ne 'yan Ingila, don haka ni rabi da rabi ne. Sannan duk wanda zai yi na silima mai lasifika biyar, to ukun gaba, hagu da dama da ta tsakiya, gara su fito gida ɗaya jeri ɗaya, in ba haka ba mota za ta taso daga hagu da murya ɗaya ta iso tsakiya da wata muryar.

Ummu Sultan:

Ni dai ba sanin om na yi ba amma bari in faɗa muku ta ɓangaren masu zaman gidan. Maigidana irinku ne, kowane akwati da kamfaninsa, rimot huɗu a kan tebur, in ya fita aiki ina son in kunna karatu in yi shara sai na kira shi a waya ya ce danna wancan ki murɗa wannan ki mayar da shi AUX, wataran haƙura nake in kunna a wayata kawai. Don Allah Abu Hafsat duk abin da za ka haɗa ka haɗa wanda maman Hafsat za ta iya kunnawa ba sai ta nemi fatawa ba. Kuma in kana da ƙananan yara kar ka cire ragar gaban nan, ɗan autana ya lotsa ƙwayar tsakiyar duka biyun da yatsa, babansa kwana biyu ba ya cin abinci da daɗi. Dogayen nan kuma ƙasa suke bugawa, in a saman bene kake ka shimfiɗa musu kafet mai kauri don na ƙasa da kai.

Dan Kano a Batha:

hajiya ta fadi gaskiya wlh shiyasa nace soundbar 😅 amma Baba na karbi gyara akan PMPO din, naje na duba nawa na daki an rubuta 1000W a gaba a baya kuma 85W yake ja, kai jama'a ashe shekara biyu ina alfahari da iska

Injiniya Abu Ammar, Dammam:

Na zo a makare amma bari in jefa nawa. Wannan sunan da ake ta rigima a kansa ma fa ba kullum yake nufin abin da muke zato ba. Technics ɗin da ke hannunka Panasonic ne suka yi shi, suna ne kawai suka ba kayansu na sauti. Denon da Marantz sun daɗe a ƙarƙashin uwa ɗaya tun 2002. JBL na Harman ne, Harman kuma Samsung ta saye shi a 2017. Sannan akwai kamfanonin da suka yi suna a kan lasifika kamar KEF da Klipsch da Wharfedale, galibin masu sayensu da amfilifayan wani suke tuƙa su, kuma masu yin su sun san da haka. Bakin RCA ɗin nan ja da fari iri ɗaya ne a wajen kowa, dek ɗinka zai shiga TAPE ko AUX ko CD duk ɗaya ne. Rami ɗaya ne kawai za ka kiyaye, wanda aka rubuta PHONO, na garmaho ne shi kaɗai, yana ƙara ƙarfi sosai, in ka sa kaset ko waya a nan sauti zai fashe.

Za ka ji masu abin suna cewa amfilifayan kaza yana da kaifi sai a haɗa shi da lasifika mai taushi, na kaza kuma mai ɗumi ne. Ni ban ce ƙarya suke ba amma a kunnena bambancin amfilifaya biyu masu lafiya ɗan kaɗan ne in ka gwada shi da bambancin lasifika biyu, ko ma bambancin inda ka ajiye su. Majalisin da ke da tayil tsirara da bango tsirara ko me ka sa sai ya yi amsa-kuwwa, labule da kafet da kujerun zaman ƙasa sun fi canjin kamfani gyara sauti. Ka ja su baya da bango kamar taku ɗaya, kar ka cusa su a lungu, twita ta yi daidai da kunnenka a zaune, tunda kuma a ƙasa muke zama a majalisi ba sai ka ɗora su a kan komai ba. Tunda amfilifaya kyauta ya zo maka, kuɗin ya tafi kan lasifika, ka rage kaɗan na abu biyu, ɗan akwatin da ke mayar da optikal, wato ramin fitar sauti na talabijin, zuwa RCA, ka tuna ka shiga saitin talabijin ɗin ka sa sautinsa a PCM in ba haka ba shiru za ka ji ko shuuu, da kuma ɗan risiba na bulutut don waya. Wayar lasifika ta jan ƙarfe mai ɗan kauri ta wadatar, kar wani ya sayar maka da ta riyal ɗari uku.

Baba Mai Gyara, Makka:

Wad Mai Wurno ai ba mu saɓa ba, daɗin rimot gaskiya ne, ni dai a kan ƙonewa nake magana. 'Yata Ummu Sultan ki gaya wa maigidan ya nemo rimot mai koyo, guda ɗaya zai haddace na sauran duka. Lotsattsiyar ƙwayar kuma in ta wufa ce a manna mata salatif a ja a hankali tana fitowa.

Abu Hafsat ka tafi da kaset ɗaya ko karatun da kunnenka ya saba da shi a waya, kada ka yarda a gwada maka da kiɗan da mai kaya ya zaɓa mai dukan ƙirji. Muryar mutum ita ce ke tona asirin lasifika, in ka ji sin da sad suna fita daban-daban ba tare da tsatsa ba to ka yi ciniki. A nan ji ne ya kori gani.

Abu Hafsat, Jidda:

Jama'a na dawo da labari. Jiya na koma Sawarik da amfilifayan a bayan mota da batir a aljihu kamar yadda Baba ya ce, mutumin yana ta kallona yana cewa kai injiniya ne, na ce a'a almajirin wani ne a Makka. Twita duka biyu suna aiki, ba gogayya, amma zoben soson ɗaya ya fara tsagewa ta ƙasa, da na nuna masa ya sauko daga 1100 zuwa 850. Na ɗauko, na sayi ɗan akwatin optikal da na bulutut, har da canji ya rage. Daren jiya na sa kaset ɗin tafsirin da mahaifinmu ya fi so, wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, har tarin mutanen da ke zaune a masallacin ana ji. Maman Hafsat na manna mata takarda a kan maɓallin, 1 karatu 2 talabijin 3 waya, ta ce a gaishe da Ummu Sultan.

Saura abu biyu Baba. Dek ɗin yana ɗan jan murya kamar mai jin barci in kaset ya kusa ƙarewa, bel ne ko mota? Sannan soson nan in sake na ɗayan kawai ko duka biyun, kuma in na shigo Umra ranar Alhamis in taho da wufan a cire ko sai da akwatin gaba ɗaya?

Baba Mai Gyara, Makka:

Bel ne galibi, ya saki don tsufa, ka taho da dek ɗin in duba har da robar da ke matse zaren. Soso duka biyun ake sakewa tare don su yi daidai. Kwance wufan kawai, sukurori ne, amma kafin ka zare wayoyin ka ɗauki hotonsu don kar ka juya ja da baƙa wajen mayarwa. Ka same ni bayan la'asar, kafin nan ina barci.